Darasin Lafiya: In Ciwo Ya Kama Mai Ciwon Sukari, Kada Ya Ajiye Allura

Wannan darasi domin ƙungiyoyin manoma ne na Kangire da na ƙauyukan Birnin Kudu da Gwaram. A karanta shi a taron ƙungiya, da ƙarfi, sashi sashi, domin waɗanda ba su iya karatu ba su ma su ji. In akwai mai ciwon sukari a cikinku, ya zo tare da wanda yake lura da shi a gida, gama ranar da ciwo ya kwantar da shi, mai jinya ne zai yi yawancin aikin.

Abin da muke so kowa ya tafi gida da shi ke nan: mai allurar insulin ba ya daina allura domin ba shi da lafiya, ko da bai ci abinci ba. Sauran maganar duka bayanin wannan ne.

ME YA SA MUKE WANNAN MAGANA

'Yan'uwa, ciwon sukari ba na mutanen birni kaɗai ba ne. Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya wajen miliyan 3.6 ne suke da shi a Nijeriya. Ta kuma ce fiye da rabin masu ciwon a Afirka ba su san suna da shi ba.

Mai ciwon sukari yana iya yin shekaru yana noma da kiwo kamar kowa, in yana bin maganinsa. Ranar hatsari ita ce ranar da wani ciwo dabam ya hau kansa: zazzaɓin cizon sauro, amai da gudawa, taifot, tari, maruru, ko rauni a ƙafa.

A ƙasarmu waɗannan sun fi yawa da damina, daga Yuli zuwa Oktoba. Lokacin ne sauro yake yawa, ruwan sha yana gurɓata, rumbu ya yi ƙasa, kuɗi kuma ya tafi ga taki da 'yan ƙwadago. A 2021 kwalara ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,000, Jigawa kuwa tana cikin jihohin da abin ya fi taɓawa. A Agustan 2021 ruwa ya karya gadar Radabi a kan hanyar Gwaram zuwa Basirka. Kun ga ke nan, lokacin da ciwo ya fi yawa shi ne lokacin da hanyar asibiti ta fi wuya. Saboda haka dole a san abin da za a yi tun a gida.

YADDA JIKI YAKE AIKI DA SUKARI

Tuwo, da fura, da shinkafa, da rogo, duka suna zama sukari bayan sun shiga ciki. Jini yana ɗaukar sukarin nan ya kai wa tsoka da sauran gaɓoɓi, shi ne ƙarfin da muke riƙe fartanya da shi. Wanda ya ragu kuma hanta ce take ajiye shi. Hanta ita ce rumbun jiki.

A bayan tumbi akwai wata gaɓa da likitoci suke ce da ita fankiriyas. Ita take yin insulin. Insulin kamar maigida ne mai lura, yana da aiki biyu. Yana raba hatsi ɗaki ɗaki, watau yana shigar da sukari cikin tsoka. Yana kuma tsare bakin rumbu, kada hanta ta zubo sukari ba bisa ƙa'ida ba.

Ciwon sukari iri biyu ne manya. A iri na ɗaya jiki ya daina yin insulin ɗungum. Ya fi kama yara da samari, kuma ba su da wani magani sai allura. A iri na biyu akwai insulin, amma bai isa ba, ko jiki ba ya jin maganarsa. Wannan ya fi kama manya. Waɗansunsu ƙwayoyi suke sha, waɗansu kuma sun kai ga allura.

A 1921 ne Frederick Banting da Charles Best suka fitar da insulin a birnin Toronto na ƙasar Kanada. A Janairun 1922 aka fara yi wa wani yaro mai shekara 14 allurarsa, sunansa Leonard Thompson. Yana bakin mutuwa, amma ya tashi, ya ƙara shekara 13 a duniya. Kafin wannan lokaci, yaron da iri na ɗaya ya kama da wuya ya wuce shekara ɗaya ko biyu. Wanda ya ajiye allurarsa ya mai da kansa zamanin da babu insulin.

ABIN DA KE FARUWA A RANAR CIWO

Mutane da yawa suna tunani haka: "Insulin yana saukar da sukari. Yau ban ci kome ba. In na yi allura sukari zai faɗi. Bari in bari sai na warke." Maganar tana da kamar gaskiya, amma ta kai mutane kabari.

Ga dalili. Sa'ad da zazzaɓi ya shiga, jiki yana shirin yaƙi. Sai ya aika wa hanta ta buɗe rumbu, ta zubo sukari cikin jini, ko an ci abinci ko ba a ci ba. A lokacin nan kuma tsoka ba ta jin maganar insulin kamar kullum. Saboda haka sau da yawa mai zazzaɓi ya fi bukatar insulin bisa ranar da yake lafiya.

In babu insulin, abu biyu suke biyo baya.

Na fari, sukari yana taruwa cikin jini, ƙoda tana ta zubar da shi ta fitsari, yana jan ruwan jiki ya tafi da shi. Mutum yana ta fitsari yana bushewa. In ga amai ko gudawa a kai, bushewar ta zama biyu. Wannan ya fi kama tsofaffi. A kan ga tsoho yana ta barci kwana biyu ko uku, a ce gajiya ce, ashe jininsa ne ya yi kauri.

Na biyu, tun da sukari ba ya shiga tsoka, sai jiki ya koma ƙona kitsensa. Kamar mai gida ne da itace ya ƙare masa, ya shiga cire azarar ɗakinsa yana sa wa murhu. Wuta za ta kama, amma ɗaki ya cika da hayaƙi, rufi kuma yana shirin faɗowa. Hayaƙin ƙona kitse shi ne wani dafi da ake kira kiton. In ya yi yawa yana mai da jini tsami, ya kawo amai, da ciwon ciki, da numfashi mai zurfi, daga nan sai suma. Ga yaro mai iri na ɗaya, wannan yana iya faruwa cikin yini guda.

Ku lura da kyau: kiton kansa yana sa amai. Iyaye su kan ga amai su hana allura, alhali kuwa rashin insulin ne ya kawo aman. In yaro mai ciwon sukari ya fara amai, a ɗauka insulin ne ya gaza masa, sai in awo ya nuna ba haka ba.

DOKOKI BIYAR NA RANAR CIWO

1. Kada a daina insulin. Ana iya ƙara shi, ana iya rage shi, amma ba a tsai da shi.

2. A auna sukari kowane awa 3 ko 4, dare da rana. Yaro kuwa, ko wanda sukarinsa ya hau ƙwarai, kowane awa 2. A rubuta lokaci, da lambar da ta fito, da allurar da aka yi, da abin da ya ci ko ya sha. Takardar nan ita za a nuna wa malamin asibiti.

3. A sha ruwa da yawa. Babba ya sha rabin kofi zuwa kofi ɗaya kowane awa, ya kai wajen lita 3 a kwana, sai fa wanda likita ya taƙaita masa ruwa saboda ciwon zuciya ko na ƙoda. Mai tashin zuciya ya riƙa kurɓa kaɗan kaɗan. Yaro a ba shi da cokali. Ruwan ya zama tafasasshe ko mai tsabta.

4. A sa wani abu a ciki. In tuwo ba ya shiga, a ba da kunu, ko koko, ko fura mai ruwa, ko fate, ko ayaba, ko shayi da burodi, kaɗan kaɗan kowane awa 2 ko 3. Wannan ne yake riƙe sukari kada allura ta kā da shi.

5. A nemi maganin ciwon da ya kawo wannan duka. In zazzaɓi ne, a je a yi gwajin jini a ranar, kada a jira kwana uku. In an sami cizon sauro, a shanye maganin duka yadda aka faɗa. Farasitamol ba ya ɓata wa mai ciwon sukari kome in an bi ƙa'ida. A dubi ƙafafu da tsakanin yatsu, gama ƙaya ko saran fartanya yana iya ruɓewa mai shi bai ji zafi ba.

YADDA AKE KARANTA NA'URAR AWO

Na'urorin awon sukari iri biyu ne. Wata tana ba da manyan lambobi, an rubuta mg/dL a jikinta. Wata tana ba da ƙanana, an rubuta mmol/L. In an raba babbar lamba da 18, ita ce ƙaramar. Kowa ya san irin tasa.

Ƙasa da 70, a ƙaramar lamba ƙasa da 4: sukari ya faɗi. A ba da sukari nan take.

Daga 70 zuwa 180, watau 4 zuwa 10: yana daidai. In ba ya cin abinci, abin shansa ya zama mai ɗan zaƙi, kamar kunu ko shayi da sukari.

Daga 180 zuwa 250, watau 10 zuwa 14: ya fara hawa. A riƙa ba shi ruwa zalla, da ɗan kunu a tsakani.

Sama da 250, watau sama da 14: ya hau. Ruwa zalla ko romo marar maiƙo, a kuma auna kiton.

In na'ura ta rubuta HI, sukari ya wuce abin da take iya ƙirgawa. Wannan maganar asibiti ce, ba ta gida ba.

Ana auna kiton da wani tsinke da ake tsomawa cikin fitsari. A jira ɗan lokacin da aka rubuta, a gwada launinsa da na jikin kwalba. In ya yi duhu, kiton ya yi yawa.

Inda babu na'ura fa? A ci gaba da allura yadda aka saba, a ci gaba da kunu da ruwa, a kai shi wurin awo a ranar. Yawan fitsari da ƙishirwa alama ce sukari ya hau.

ƘARI DA RAGIN INSULIN

Wannan sashi ba domin kowa ya zama likitan kansa ba ne. Domin ku san abin da za ku roƙa ne a rubuta muku tun kuna lafiya.

Insulin da aka fi samu iri uku ne. Akwai garau kamar ruwa mai saurin aiki, irin su Actrapid. Akwai fari kamar madara mai daɗewa yana aiki, irin su Insulatard. Akwai kuma gauraye, irin su Mixtard.

In sukari ya wuce 250 kuma ga kiton, likitoci su kan ƙara kashi 10 zuwa 20 cikin 100 na dukan insulin da mutum yake yi a kwana, da irin mai saurin aiki. Ga misali. A ce wani yana yin yunit 24 da safe, 16 da yamma. Jimla 40 ke nan. Kashi 10 cikin 100 na 40 shi ne yunit 4. Wannan ƙari ne a kan allurar kullum, ba madadinta ba. Ba a maimaita irin su Actrapid kafin awa 4, ba a kuma maimaitawa sai an sāke awo. Wanda gauraye kaɗai yake da shi kada ya ƙara da ka, ya tambaya tukuna.

In kuwa amai da gudawa ne, sukari yana ta sauka ƙasa da 100, a kan rage allura, sau da yawa da kashi 10 zuwa 20 cikin 100. Ragi ne, ba dainawa ba.

Ku lura da sirinji. Akwai insulin mai lamba 40 a jikin kwalba, akwai mai lamba 100, kowanne da sirinjinsa. In aka ja mai 100 da sirinjin 40, allurar ta ninka sau biyu da rabi. Ranar da aka aiki yaro kemis da gaggawa, ranar ce ake wannan kuskure. A aike shi da tsohuwar kwalba da tsohon sirinji a gwada.

IN SUKARI YA FAƊI

Wannan shi ne abin da mutane suke tsoro, kuma gaskiya ne yana faruwa. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani yana kā da sukari, haka nan maganin kwinin. Saboda haka a faɗa wa mai ba da magani cewa majinyacin yana da ciwon sukari tun kafin ya rubuta kome.

Alamunsa: gumi mai sanyi, rawar jiki, bugun zuciya, yunwa farat ɗaya, faɗa ba dalili, magana kamar ta mashayi.

In yana iya haɗiya, a ba shi ɗaya daga cikin waɗannan: ƙwayar sukari 3, ko cokalin shayi 4 na sukari a ruwa, ko babban cokali ɗaya na zuma, ko rabin kwalbar lemo mai zaƙi. A jira minti 15 a sāke awo. In bai kai 70 ba a ƙara. In ya dawo, a bi da kunu ko burodi.

In ya suma, kada a ɗura masa kome, zai shaƙe. A kwantar da shi ta gefe, a shafa ɗan jiƙaƙƙen sukari kaɗan a ƙarƙashin harshensa ko cikin kumatu, a tafi asibiti nan da nan.

In babu na'ura, mutum ya rikice, ba a san ko hawa ba ne ko faɗuwa, a ba shi sukari in yana iya haɗiya, sa'an nan a kama hanya. Cokali 4 ba zai kashe wanda sukarinsa ya hau ba, amma zai ceci wanda nasa ya faɗi.

RUWAN GISHIRI DA SUKARI

Waɗansu suna hana mai ciwon sukari wannan ruwa domin sun ji sunan sukari a ciki. Kada a hana shi. Ƙullin da ake samu a asibiti sukarinsa kaɗan ne, giram 13.5 a lita guda, bai kai na rabin kwalbar lemo ba. Bushewar jiki ta fi wannan hatsari nesa. A zuba ƙulli ɗaya cikin yawan ruwan da aka rubuta a jikinsa. In babu, a haɗa a gida: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, watau ledar ruwa biyu, da cokalin shayi 6 na sukari a shafe, da rabin cokalin shayi na gishiri. Wanda ya kwana ya yini a zubar a sāke sabo.

MASU SHAN ƘWAYOYI

A nan dokar ta bambanta. Insulin ba a tsai da shi, amma akwai ƙwayoyin da ake dakatarwa in amai ko gudawa ya yi yawa, ko mutum ya kāsa shan ruwa.

Metfomin, wanda ake sayarwa da suna Glucophage da waɗansu sunaye: a dakata, gama in ƙoda ta rasa ruwa yana taruwa a jiki ya yi lahani.

Gilibenkilamaid, wanda aka fi sani da Daonil: yana kā da sukari ƙwarai in ba a ci abinci ba, kuma faɗuwarsa tana daɗewa, ko an farfaɗo tana komowa. Wanda wannan ya kayar a kai shi asibiti ko ya farka.

Sababbin ƙwayoyin da suke fitar da sukari ta fitsari, irin su Jardiance da Forxiga: a dakata, gama suna iya kawo kiton ko sukari bai hau ba.

Waɗansu magungunan hawan jini, da masu sa fitsari irin su Lasix, su ma a kan dakatar da su. A tambayi malamin asibiti wanne ne a cikin naku.

Magungunan ciwon jiki irin su Brufen da daikulofenak, waɗanda manoma suke sha bayan aiki, suna cutar ƙodar da ta bushe. A bar su. Dekzametazon da firedinisolon kuwa suna ɗaga sukari sama ƙwarai. Kada a saya a kemis ko wurin mai talla sai likita ya rubuta.

A kan koma shan waɗanda aka dakatar bayan an yi kwana ɗaya ko biyu ana ci ana sha sosai.

Zogale, da shuwaka, da ganyen darbejiya ba sa maye gurbin insulin. Azumi kuma ba na majinyaci ba ne, ko namu ko na maƙwabtanmu Musulmi. Mu yi wa mara lafiya addu'a, mu kuma miƙa masa allurarsa. Duk wanda ya ce a zubar da magani domin a nuna bangaskiya, kada a bi maganarsa.

ALAMUN DA ZA A TAFI ASIBITI BA JIRA

1. Amai ya wuce sau biyu, ko ya yi awa 4 ruwa ba ya zama a ciki. Ga yaro, awa 2.
2. Kiton ya yi yawa, ko sukari ya ƙi sauka ƙasa da 250 bayan ƙarin allura sau biyu.
3. Numfashi mai zurfi da sauri, ko baki yana wari kamar ruɓaɓɓen ɗan itace.
4. Ciwon ciki mai tsanani.
5. Yawan barci, rikicewa, farfaɗiya, ko suma.
6. Idanu sun faɗa, harshe ya bushe, fitsari ya ɗauke.
7. Sukari ya ƙi hawa sama da 70.
8. Ƙafa ta kumbura, ta yi baƙi, ko tana wari.
9. Majinyacin ƙaramin yaro ne, ko mace mai ciki, ko tsoho. Waɗannan a kai su da wuri.

Maganin kiton da bushewa shi ne ƙarin ruwa ta jijiya, da insulin, da awon jini a kai a kai. Ba a yinsa a gida ko a kemis. Ƙaramin asibitin ƙauye zai iya awo ya fara taimako, amma mai alamun nan wurinsa babban asibiti ne, kamar Asibitin Tarayya na Birnin Kudu. A tafi da insulin, da sirinji, da kwalayen magani duka, da takardar awo, da sukari a aljihu. Da isa a ce, "Mai ciwon sukari ne, yana allura." Kada a jira gari ya waye.

AJIYE INSULIN INDA BABU FIRIJI

Insulin da rana ta dafa ba ya aiki, ranar ciwo kuwa ita ce ranar da za a gane. Wanda ba a buɗe ba wurinsa firiji ne, a sanyin digiri 2 zuwa 8, ba wurin ƙanƙara ba. Wanda ya daskare ya lalace.

Wanda aka buɗe a gama da shi cikin mako 4. A 2021 ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ta fara aiki a asibitin Jahun a 2008, tare da Jami'ar Janiba, suka buga sakamakon wani gwaji. Sun bi irin zafin wani sansanin 'yan gudun hijira a Kenya, mai hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37, suka tarar insulin bai rasa ƙarfinsa ba har mako 4. Wannan labari ne mai daɗi. Amma zafin bazara a nan yakan wuce digiri 40, balle ɗaki mai rufin kwano.

Maganin wannan yana hannun masu ginin tukwanenmu. A shekarun 1990 Mohammed Bah Abba, wani malami a Dutse, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya a ƙauyukan Jigawa domin ajiye kayan lambu, har ya sami lambar yabo ta Rolex. A sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin safe da yamma, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa inda iska take bi. Yadda randa take sanyaya ruwa, haka wannan take yi. A sa kwalbar insulin cikin robar da take rufuwa sosai domin kada ruwa ya goge rubutun. In garau ya yi gurɓi, ko fari ya yi gudaji bayan an murza shi a tafin hannu, kada a yi aiki da shi.

AIKIN ƘUNGIYA

Ba a fafe gora ranar tafiya. Yadda muke tanadin iri da taki kafin ruwan fari, haka za mu yi tanadin ranar ciwo. Hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka. Ga abin da kowace ƙungiya za ta iya yi kafin damina:

1. A san masu ciwon sukari na cikin ƙungiya da iyalansu, da yardarsu, ba tare da yayatawa ba.

2. Kowannensu ya je asibiti yana lafiya, ya roƙi a rubuta masa takardar ranar ciwo: nawa zai ƙara, nawa zai rage, wace ƙwaya zai dakatar, wace lamba zai kira.

3. Kowane gida ya tanadi gwangwani mai murfi: ƙullin gishiri da sukari, ƙwayar sukari, farasitamol, sirinji, tsinken awo, tocila, littafi da biro.

4. Ƙungiya ta sayi na'urar awo ɗaya da tsinkenta, da tsinken kiton. A koya wa mutum biyu aiki da ita, namiji da mace. Kowane mutum da sabon abin huda yatsa, ba a yin tarayya a kansa.

5. Da kaka, sa'ad da aka sayar da riɗi da gyaɗa, a ware wani abu a asusun lafiya. Daga ciki a ranta wa mai allura ya sayi insulin na gaba tun na hannunsa bai ƙare ba. Kada ɗan'uwanmu ya riƙa rage allura a ɓoye domin kwalba ta kai shi girbi.

6. A shirya da mai mota ko mai babur wanda za a iya tasa da dare, a kuma san hanya ta biyu in rafi ya kawo.

7. In ɗan ƙungiya ya kwanta, a yi masa gayya a gonarsa. Da yawa suna ƙin zuwa asibiti domin tsoron ciyawa ta cinye gero.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. Me ya sa sukari yake hawa ga mai zazzaɓi ko bai ci abinci ba?
2. Yarinya mai allura ta yi amai sau uku, tana numfashi da ƙarfi, kakarta ta ce a bar allura sai ta ci tuwo. Me za ku ce wa kakar? Me za ku yi?
3. Mutum yana yin yunit 30 a kwana. Nawa ne kashi 10 cikin 100? Wa zai ba shi izinin ƙarawa?
4. Daga ƙauyenku zuwa babban asibiti awa nawa ne da rani, nawa ne a Agusta?
5. A cikin ayyuka bakwai na ƙungiya, wanne za ku fara a wannan wata, wa kuma zai ɗauki nauyinsa?

Sakatare ya rubuta amsar tambaya ta 5 a littafin ƙungiya, a duba ta a taro mai zuwa.